Bahago Zai Buɗe Gasa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, hankalina a tashe yake. Kin san duk shekara masu shirya gasar golf kan tara tsofaffin zakarunta, su zaɓi ɗaya ya yi bugun farko a gaban jama'a. Bana maigidana suka zaɓa. Murna ya kamata in yi, amma tun da saƙon ya zo na kasa cin abinci.

Bahagon da kuka sani ba shi ba ne yanzu. Mantuwa ta kama shi. Makon jiya na tarar da shi a falo rungume da kofin da ya ci, yana tambaya wane baƙo ne ya bar shi a gidanmu. Ran Talata ya fita sayen burodi, sai wani mai faci ne ya rako shi gida. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi.

Na so in ba su haƙuri, to amma gayyatar nan kaɗai ce ba ya mantawa. Kullum da safe sai ya goge sandunansa. In na hana shi, na kashe shi da ransa. In na bar shi, ina tsoron ya tsaya gaban kyamarori bai san me ya kawo shi ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an yi taron jiya.

Muna shiga zauren kulob, Dogo, tsohon abokin hamayyarsa, ya rungume shi, ya kalli idonsa, ya juyo ya kalle ni. Daga nan bai ƙara sakin hannunsa ba har fili.

Da aka kira sunansa, maigidana ya tsaya ƙiƙam yana kallon ciyawa. Sai Dogo ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye masa ƙwallo, ya ce, "Bahago, bugunka ne, kada ka ɓata mini lokaci."

Yaya, ya buga. Ƙwallon ta tashi ɗoɗar har ta ɓace wa idona. Jama'a suka ɓarke da tafi, ni kuwa hawaye kawai nake yi.

Ya nufo ni yana murmushi, ya ce, "Baiwar Allah, kin ga bugun nan? Da ma matata tana nan ta gani."

Na ce masa zan gaya mata.

Yanzu yana tsakar gida, duk na gifta sai ya gaishe ni da ladabi. Don Allah ki zo, ko da ƙafar ba ta warke ba. Tsoro nake ji ya tambaye ni yaushe matar tasa za ta dawo.

Taki har kullum,
Auta