Ki Auna Mini Ramin Bayan Coci

Yaya Dinatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama? Yaya yara da damina?

Ni lafiya lau nake a Sharja, nan ƙasar Larabawa, sai dai hannun dama da ƙofar kwantena ta datse, kuma yana warkewa.

Yaya, kaina ya kulle. Na samu motoci biyu masu caji, ƙananan jif, ɗaya kawai zan iya ɗauka, kuma jirgin ruwan da zai kawo ta gida zai tashi Litinin. Solar coci za ta iya cajin kowacce, kin ga mun huta da neman fetur ranar wankin ƙodar Mama.

Farar, caji ɗaya zai kai ku asibitin Zariya ya dawo da ku Kafur, amma cikinta taƙi ɗaya ne daga ƙasa. Shuɗiyar ta fi ta tsayi da yatsu huɗu, sai dai batirinta ya gaji, zai iya mutuwa a Funtua kuna dawowa.

Don Allah gobe ki je ramin nan na bayan coci, inda motar haya ta maƙale da Mama bara. Ki sa Malam Awaisu maƙwabcinmu ya auna zurfinsa, hannunsa daidai da nawa ne. Kada ki ce mini "ba laifi", ki faɗa mini taƙi nawa.

Ba zan iya sayen ta biyu ba, Yaya. An sallame ni daga aiki. Kada Mama ta ji.

Ƙaninki,
Job