Gwiwar Kure

Jikwoyi, Abuja

Yaya Badaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane, da fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan ƙafar Inna ta yi sauƙi. Shekara huɗu ke nan rabona da Ƙaura, kuma saƙonka na farko da ya iso ni faɗa ne.

Abin da mahautan kasuwar Utako suka faɗa maka gaskiya ne. Idan na tashi daga gadi nakan sa fararen kaya in shiga cikin yara ina koyon kareti. Ka ce ɗan gidan dambe ba ya haka, in dawo in riƙe maka wuƙa. Yaya, ranar da hannuna na dama ya karye a fage, masu kiɗan da ke kirana Kure ko dubiya ba su zo ba. Ban zarge su ba, kiɗa sana'a ce. Amma kada a yi mini wa'azin mutunci.

Mai koyar da mu, Malama Justina, ta sa kowa ya faɗi burinsa na bana. Na ce ɗamarar farko, rawaya, kafin Babbar Sallah. In ban samu ba, ka wasa wuƙar, zan zo da ƙafata.

Matsala ɗaya ce. Kafin a fara, kowa sai ya durƙusa, gwiwa biyu a ƙasa. Ka san a wajenmu gwiwa na taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Tawa ba ta taɓa ba, har ranar karayar a tsaye na bar fage. Don haka nake tsayawa ƙiƙam a bayan sahu. Malama ta ce ba za ta tilasta ni ba, kuma ba za ta sa ni a jarrabawa ba. Na ji haushi, amma fagenta ne.

Ka gaishe da Inna. Ƙanenka,
Surajo

Jikwoyi, Abuja

Yaya Badaru,

Salama da gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya kasuwa? Ni lafiya lau, sai gajiyar motar Nyanya.

Kafin a kawo maka labari da gishiri, ga shi daga bakina. Na durƙusa. Na tambayi limamin masallacinmu ko ya halatta, ya ce zama ne kamar na tahiya, in dai ban kai goshi ƙasa ba. Malama ta yarda da hakan ba gardama. Sai ya rage tsakanina da gwiwata, kuma gwiwar ta fi liman tsanani.

Ranar jarrabawa Musbahu, yaronka na dā, ya kwaso mahautan Utako suka cika tagar ɗakin da muke koyo. Ina sa gwiwa a ƙasa ya kwarara ihu wai an kashe Kure, sauran suka fashe da dariya. Wallahi na ji kamar in tattara takalmina in tafi. Sai Malama ta daka tsawar fara wasa, yara suka miƙe, na miƙe tare da su. Da hagu na yi komai, hannun da a dambe tare duka kawai aka koya masa. Na yi kuskure sau biyu, ta gani, ta rage mini maki, kuma daidai ta yi. Na ci.

Musbahu bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ka ce masa ban riƙe shi a zuciya ba, da ni ne a tagar nan a shekarun baya, da muryata ta fi tasa.

Ka nemi wani ya taya ka fiɗa bana. Burina na gaba koriyar ɗamara. A saƙonka ka tambayi abin da na tara a Abuja: ɗamara ɗaya, turmin atamfa ɗaya na Inna, da rabin kuɗin rago. Direban Gusau zai kawo biyun ƙarshe.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenka,
Surajo Kure