Hujin da Baba Ya Yanka a Rufi

Zuwa ga yayana Réal,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Colette da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, don Colette ta riga ta tona maka asiri. Mu nan lafiya lau. Maigidana Fernand yana nan da surutunsa, 'yar'uwarmu Monique kuma ta samu sauƙin tarin. Ganye ya gama zuba a nan yankinmu na Gaspésie, da safe ruwan bokiti har ya fara daskarewa.

Na san abin da kake jira ka ji ke nan: Baba zai yi hunturun bana a gidansa, ko kuwa za mu kai shi gidan tsofaffi a gari kamar yadda Monique take so? Kun ce in je in zauna da shi kwana biyu in gani da idona, tunda gani ya kori ji. Na je, na gani. Sai dai ka yi haƙuri, kafin in ba ka amsa dole in bi da kai ta kan rufin ɗaki.

Ka san tsohon bututun hayaƙi na bulo ya tsage, an hana shi hura wuta a ciki. Sai ya yanke shawarar komawa ɗakin baya, wanda rufinsa yake gangarowa gefe guda, ya sa ƙaramin murhun itace da sabon bututun ƙarfe. Na ce a kira ma'aikaci, ya ce shi da ya gina ɗakin da hannunsa ba zai zauna yana kallon ɗan wani yana huda masa rufi ba. Ya kuma san sarai abin da ya kawo ni. Ranar da na iso cewa ya yi, “To, alƙaliya ta iso, a ba ta kujera.” Na yi dariya, amma raina bai ji daɗi ba, don gaskiya ya faɗa.

Ya auna bututun, ya ƙara tazarar da ake bari don kada zafi ya kai ga katako, ya zana da'ira tsaf a jikin rufin daga ciki, ya yanke da zarto. Ina kicin ina haɗa miyar wake sai na ji shiru ya yi yawa. Can ya kira ni. Na same shi tsaye a gindin tsani, ya ce in ɗaga kai in duba. Bututun ya shiga, amma da ƙyar. Dama da hagu tazarar tana nan daidai, ta saman gangaren rufin da ƙasansa kuwa ƙarfe yana gugar katako. Ya sake aunawa a gabana, da'irar ba ta da aibu, bututun ma haka. Ya ce shi abin da ya fi damunsa ya kasa gane inda kuskuren yake. Sai ya zauna a kan akwatin itace ya ce, “Ghislaine, ko dai Monique ce ke da gaskiya?” Yaya, ban taɓa jin muryar Baba ta yi ƙasa haka ba, kuma na tsorata.

Ni ma abin ya tsaya mini a rai. Abu zagayayye, huji zagayayye, me zai hana su daidaita? Na koma kicin ina ta juya shi. Ina yanka tsiran alade, naman nan da ake ɗurawa a hanji, a karkace, yadda Mama ta koya mana don yankan ya yi faɗi, sai na tsaya da wuƙa a hannu. Tsiran zagayayye ne kamar bututu, amma yankan da ke faɗowa a faranti dogo ne. Na yanka ɗaya a miƙe, ya fito da'ira. Na ƙara karkata wuƙar, ya ƙara tsawo, faɗinsa kuwa bai canja ba. Na kwashi farantin na ruga wurinsa. Ya ce shi ba yunwa yake ji ba. Na ce ya duba dai: bututu a tsaye yake, rufin ne yake yanka shi a karkace kamar wuƙa. Ya ɗauki yanka ɗaya ya juya shi, ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya ce, “Kai! Ashe alade ya fi ni ilimi.” Sannan ya cinye shi.

Saura yadda za a zana siffar. Na ce mu yi ta kamar ƙwai, ya ce a'a, ƙwai gefe ɗaya ya fi kauri, wannan kuwa kai da gindi duk ɗaya ne. Sai ya ce ai Mama ta taɓa yin irinta, lokacin da ta shata wurin shuka furanninta na gaban gida da turaku biyu da igiya, shi kuma yana ta yi mata tsiya wai ta kasa zana da'ira. Muka shimfiɗa kwali, ya kafa ƙusa biyu nesa da juna, ya ɗaura bakin zare a kowace, ya bar shi da ɗan sako-sako. Ya ja zaren da bakin fensir har ya miƙe, ya zagaya da shi. Sai ga siffar ta fito sumul.

Ka ji abin da ya ba ni sha'awa. Duk inda fensir ya tsaya, in ka haɗa nisansa daga ƙusa ta farko da nisansa daga ta biyu, jimillar ɗaya ce, tunda zaren ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. In ka matso da ƙusoshin kusa, siffar ta yi ƙiba. In suka haɗu wuri guda, ta koma da'ira. In ka raba su, ta yi tsawo ta rame. Muka yi ta matsar da su kamar yara, har muka samu wadda faɗinta ya yi daidai da hujin farko, tsawonta kuma ya bi gangaren rufin. Da na kira Fernand a waya, ya ce sunanta elips, an koya mana a makaranta ina can ina kallon taga. Ya ƙara da cewa ita kanta duniya a kan irin wannan hanya take kewaya rana. Da na gaya wa Baba sai ya ce, “To, duniya ma ba ta iya zagaye daidai ba, ni ne za a kai gidan tsofaffi?”

Kashegari ya manna kwalin a rufi ya ƙara yankan, ni ina riƙe da tsani. Ba zan ɓoye maka ba, ya sauko ya huta fiye da sau ɗaya. Aikin waje kuwa, na rufe gefen bututun don kada ruwa ya shiga, da kansa ya ce Fernand ya hau, shi ya daina hawa kan rufi. Da Fernand ya zo ya gama, muka hura wuta, hayaƙi ya miƙe sama, katako ko ɗumi bai yi ba.

Ga amsata: Baba ya zauna a gidansa. Ba shigar bututun ce ta sa na faɗi haka ba. Ka tuna hujin farko ma ya karɓi bututun. Da ya so, da ya rufe wurin da farantin ƙarfe, ni ban san komai ba, in rubuto maka cewa ya ci jarrabawa, wata rana a tsakiyar hunturu katako ya kama wuta yana barci. Ya san na zo ne in yanke masa hukunci, ya san abin da zai rasa, amma ya kira ni ya nuna mini. Ranar da zan tafi ya rako ni har mota, ya ce in zan rubuta maka in fara da hujin farko, kada in yi masa kara. Mutum irin wannan ba na jin tsoron barinsa shi kaɗai da wuta.

Ka kira Monique ka lallashe ta, kai take jin maganarka. Ka gaishe mini da Colette, da Mathieu, da ƙaramar Léonie. Fernand yana gaishe ka. Baba ma yana gaisuwa, ya ce in ka zo Kirsimeti ka taho da safar hannu, akwai itacen da ke jiran gatarinka.

Taka ƙanwa har kullum,
Ghislaine