Baƙin Man Azara Ne, Ba Na 'Yan Daji Ba

Almustapha Daudu,
Unguwar Gabas, Zakka.
Talata, 12 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsaron Ƙauyuka,
Safana.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE MINI JARKAR BAƘIN MAI DA ƁATA MINI SUNA

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Ni manomi ne, a Zakka aka yanke mini cibi. Tun farkon damina baƙaƙen ƙwarin nan masu kama da zuma, masu huda itace, suka addabi rumfar shanun huɗata da itatuwan da ke ɗauke da rumbuna. Kullum da safe sai mun share garin itace a ƙasa. Azara ɗaya ta riga ta karye, saura ƙiris ta danne mini sa. Sabuwa kuwa babu, domin ba mai shiga daji saro itace yanzu.

2. Maganin da muka sani shi ne a shafe itacen da baƙin man da aka juye daga inji, a liƙe ramukan da laka. Ranar Alhamis 7 ga Oktoba na je Batsari, wani makanike ya zuba mini shi a ƙaramar jarka.

3. A hanyar dawowa wasu matasa masu tsaron hanya suka tare ni, suka ce an hana ɗaukar mai a jarka. Na san dokar, ina kuma goyon bayanta, domin ni ma na binne ƙanena a sanadin 'yan dajin nan. Amma fetur aka hana. Wannan ko injin niƙa ba zai sha ba! Na roƙe su su tsoma yatsa su gani, suka ƙi. Suka durƙusar da ni da furfurata a bakin titi, suka aza mini jarkar a ka, suka ɗauki hoto, sannan suka riƙe jarkar, suka kore ni.

4. Hoton nan yanzu yana yawo daga waya zuwa waya, ana cewa ga mai kai wa 'yan daji mai. Ranar Juma'a na shiga sahu, na kusa da ni ya matsa. Matata Ramlat ta soya ƙosan sayarwa, haka ta dawo da shi, ba wanda ya saya. Jiya an jefi ƙofar gidana. Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ke samun wanda aka laƙa wa wannan suna a ƙasar nan. Wallahi tsoro nake ji.

Saboda haka ina roƙon alfarma a turo wakili ya duba rumfar da idonsa, a buɗe jarkar a gaban Mai Unguwa, sannan a wanke ni a bainar jama'a a masallaci ranar Juma'a mai zuwa. Ban nemi a hukunta kowa ba, yaran namu ne. Amma don Allah a gaggauta, kada wankewar ta zo a karanta ta a wurin zaman makoki.

Na gode, Allah Ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Almustapha Daudu