Shafi na Biyu

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976
Ciwon idon nan, afolo, ya kama maigidana Malam Labaran, ko haske ba ya iya kallo. Ga takarda ya kawo daga hedimasta. Yara sun yi yawa tun da aka soma ilimi kyauta, ana so ya ƙara da ajin yamma bayan nasa na safe. Gobe za a mayar da ita. Ya ce, “Hansai, ke da kika gama aji bakwai, karanta min, kada ki bar ko ɗigo.”

Shafi uku da Turanci, da ƙananan rubutu. Ni kuwa saura babi biyu a littafin da Ladi maƙwabciyata ta ara min, kuma kafin magariba za ta karɓe abinta. Sai na yi wa takardar yadda nake yi wa littattafaina: farko, ƙarshe, tsakiya kuwa tsallake. Alawus, ranar farawa, shi ke nan. Na ɗora masa yatsa a kan layi, ya sa hannu.

A littafin dai sun yi aure. Na ɗan yi kuka.

Alhamis, 21 ga Oktoba
Fita da sassafe, dawowa gab da magariba, Kinkinau zuwa Kawo a keke. Muryarsa ta dishe. Ya ce, “Na ɗan lokaci ne, amarya. Zariya na jiranmu.”

Asabar, 27 ga Nuwamba
Wasiƙar kwalejin malamai ta Zariya ta iso! An ɗauke shi, shi da abokinsa Garba, Janairu za su fara. Shekara huɗu yana nema. Ya ɗaga ni sama har ɗankwalina ya faɗi. Ni har na gama ganin ɗakinmu na Zariya, da shuɗin labule.

Talata, 30 ga Nuwamba
Ya dawo bai ko yi sallama da ƙarfi ba. Ya je neman takardar izinin tafiya karatu, wadda sai da ita kwaleji ke karɓar malami, hedimasta ya buɗe masa shafi na biyu na takardar nan da ya sa wa hannu. Wanda ya karɓi ajin ƙari, ba hutun karatu, ba canjin wuri, sai ya cika shekara biyu.

“Kin karanta min wurin nan?”

Na ce eh.

“To ashe afolon har kunne ya taɓa min.” Ya yi dariya. Da ma zagina ya yi.

Laraba, 8 ga Disamba
Sau uku yana zuwa ofishin ilimi. Tambaya ɗaya suke masa: sa hannunka ne ko ba naka ba?

Lahadi, 9 ga Janairu, 1977
Garba ya tafi yau. Malam ya ba shi akwatin ƙarfen da ya saya wa kansa, ya goge sunansa da kananzir tukuna. Shi ya ɗauko masa a keke har tashar Kawo. Garba na ta cewa, “Zan riƙe maka gado kusa da taga, malamin safe da yamma!”

Da ya dawo yana wanke ƙafa, na tsuguna na faɗa masa. Duka, har littafin Ladi. A labarai nan ne miji ke tashi ya yi faɗa, ko ya rungume matarsa. Shi butar kawai ya ajiye.

“Na sani, Hansai. Shafi uku ba sa ƙarewa kafin shayi ya huce.”

“Me ya sa ba ka ce komai ba?”

“Jira nake ki ce.”

Talata, 25 ga Janairu
Ba komai yau.

Juma'a, 18 ga Fabrairu
Lafiya muke, wallahi. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko Innarsa bai gaya wa ba. Yakan kawo min gyaɗa daga Kawo kamar da.

Sai dai yanzu in na ajiye masa abinci yakan ce, “Na gode, sannu da aiki.” Da ba ya cewa. Ci kawai yake yana tsokanata, wai gishirin ya tafi karatu. Ladi ta ce in gode wa Allah, nata mijin ko kallonta ba ya yi. Gaskiyarta. Ladabi ai ba laifi ba ne.

Yau da gangan ban sa gishiri ba. Ya cinye tas, ya ce ya gode.