An Sa Gidaɗo Ya Shiga Farko

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Shekara ashirin da ɗaya ina tambaya guda, har yau babu wanda ya amsa mini: wa ya ce a sa ɗana ya shiga farko a wasan kurket ran nan? Na tambayi malamin wasanni na lokacin, ya ce kyaftin ne. Na tambayi kyaftin, ya ce malam ne. Malamin ya yi ritaya ya koma garinsu, kyaftin yana can birni ya ajiye tumbi. Ɗana kuwa da ido ɗaya ya ƙarasa kwanakinsa. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa da baki, amma takarda ba baki ba ce: Uzairu. Allah ya jiƙansa. Zazzaɓi ne ya ɗauke shi daga baya, na sani, kada wani ya tuna mini. Amma tun safiyar da sabuwar ƙwallo ta tashi ta same shi a fuska, bai sake ɗaga kai ya kalli mutum sosai ba.

Yau ga shi an sake. Ina jan rolar danne ƙasa a filin kurket, sai ga Malam Najmuddeen mai horar da 'yan ƙungiyarmu ta Azare. Wai, "Baba Jalo, Gidaɗo ne zai buɗe mana bugu ranar sha bakwai." Ya faɗe shi a sake, kamar yana gaya mini an kawo wuta.

Na ce wane Gidaɗon? Ya ce nawa. Autana.

Shekara talatin da huɗu ina gyaran filin nan. Ban yi boko ba, rubutun nan ma a ajin yaƙi da jahilci na koye shi da furfurata. Amma ba a haifi wanda ya fi ni sanin jar ƙasar da ke ƙarƙashin tabarmar da ake wasa a kanta ba. Ko sau ɗaya ba a taɓa cewa, Baba, me ka gani?

Laraba, 7 ga Mayu

Mairo ta ce ita fa ba ta ga abin tayar da hankali ba, na farko da na biyar duk ba buga ƙwallo ba ne? Shekara arba'in da aure, har yau ba ta gane wasan nan ba. Na zaunar da ita na yi mata bayani, tana tsince shinkafa ko kallona ba ta yi.

Mutum sha ɗaya ne, bi da bi suke shiga. Wanda ya shiga farko shi ke haɗuwa da ƙwallo sabuwa fil, tauri kamar dutse, mai jifa kuma bai gaji ba, jininsa na tafasa. Na biyar kuwa sai ƙwallo ta sha duka ta yi laushi, hannun mai jifa ya mutu. Shekara shida Gidaɗo yana na biyar, ko ƙwarzane bai taɓa dawowa da shi gida ba. Kuma idan ƙwallo ta wuce ka ta kayar da turakan nan uku da ke bayanka, ka fita ke nan. Ba a cewa a sake.

Ta ce, "Malam, yanzu ai suna sa hular kwano."

Hular kwano. Kamar ita ta ɗauko wancan daga fili da jini a riga.

Juma'a, 9 ga Mayu

Bayan masallaci na tare Malam Najmuddeen. Ya yi ta lissafa mini dalilai da yatsu. Wai masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo daga Bauchi su kalli wasanmu da 'yan Katagum. Wai masu bugun tsakiya sun yi musu yawa, mai buɗewa suke nema ruwa a jallo. Wai Gidaɗo ya shiga ashirin da shida, in bana ta wuce shi ba za a sake kallonsa ba. Wai a na biyar sau da yawa kafin ya shiga wasa ya kusa ƙarewa, ba ya samun nuna abin da ya iya.

Sannan ya ce in bar fili ya bushe, in danne shi da rola ya yi tauri, kada a sa ruwa daga Laraba. Gidaɗo ya fi jin daɗin ƙwallon da ke tashi ta zo masa da gudu.

Ni yake koya wa ruwa. Yaron da na san ranar sunansa.

Asabar, 10 ga Mayu

Zafi. Gwiwa ta hana ni sakat.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kira Gidaɗo zaure bayan la'asar. Na ce ya je ya gaya wa malaminsu ya mayar da shi inda yake. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana murza bakin tabarma. Can ya ce, "Baba, ba Malam ba ne. Ni na roƙa. Tun bara nake roƙo."

Ban san lokacin da na ce ya tashi ya ba ni wuri ba.

Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ni ba Yaya ba ne, Baba." A hankali ya faɗa, ba da rashin kunya ba. Da ma da rashin kunyar ya faɗa, da na san abin da zan yi da shi.

Yana ɗan shekara biyar lokacin. Me ya gani? Me ya sani?

Alhamis, 15 ga Mayu

Na danne fili kamar yadda aka ce. Na tsaya ina kallon atisaye daga gindin dalbejiya. Mai jifanmu ya saki wata ƙwallo, ta tashi har kafaɗar Gidaɗo, ya kauce yana dariya. Kowa ya yi dariya. Ni na zauna a kan rola.

An ce mai jifan Katagum ya fi wannan gudu. Dogo ne, wai ɗan masunta.

Juma'a, 16 ga Mayu

Na ari kurar ruwa a maƙwabta. Na ce bishiyoyin bakin fili zan ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Zan rubuta shi yadda ya faru, tunda babu mai karantawa.

Da aka idar da asuba ban koma gida ba. Na tura kura zuwa fili, na naɗe tabarmar wasa, na zuba jarka shida daidai inda ƙwallo ke sauka. Na bari ƙasa ta sha, na watsa busasshiyar ƙasa a kai, na mayar da tabarma na buga ƙusoshi. Ƙasa mai laima ba ta barin ƙwallo ta tashi. Abin da nake so ke nan. Kada ta kai fuska. Ko da bai ci maki da yawa ba, ya dawo gida da idonsa biyu.

Ƙarfe takwas da rabi aka fara. Mu za mu fara bugu. Mutanen Bauchi su uku a ƙarƙashin rumfa da littattafansu. Gidaɗo ya fito da fararen kaya, Mairo ta kwana biyu tana gugarsu. Ya wuce ta gabana ya ce, "Baba, a sa mini albarka." Na ce Allah ya tsare.

Jifar farko ta zo ƙasa-ƙasa, ya tare da ƙyar. Na ga ya kalli tabarma. Ta biyu haka. Ta uku dogon ya saki da dukkan ƙarfinsa, Gidaɗo ya miƙe ya ɗaga katakon bugu yana jiran ta taso masa, yadda ya yi sati biyu yana koyo. Ba ta taso ba. Ta bi ƙasa kamar ƙadangare, ta wuce ƙarƙashin katakon ta tumɓuke turken tsakiya.

Sifili. Jifa uku.

Bai fita nan take ba. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya dafa tabarma da tafin hannu. Da ya miƙe, gwiwar farin wandon ta yi ja, ja mai laima. A watan Mayu, ko ɗigo bai sauka a Azare ba. Ya juyo ya nemo ni da ido daga tsakiyar fili har gindin dalbejiya. Ya same ni.

Kafin sha ɗaya rana ta busar da komai. Mohammed, wanda aka ba na biyar ɗin Gidaɗo, ya shiga ya ci sittin da biyu. Ana ta ihu. Mun ci wasan ma. Mutanen Bauchi sun rubuta sunan Mohammed, sun ce mai buɗewa kuwa za su duba wani wuri.

Ai na faɗa. Na biyar ne wurin. Da an bar Gidaɗo nan da shi ne ya ci sittin ɗin. Na faɗa tun farko.

Lahadi, 18 ga Mayu

Bai ci tuwon jiya ba. Da safe ya gaishe ni daga bakin ƙofa kamar baƙo, ya ɗauki jaka. Wai zai je Gadau wajen yayarsa Zuliha, mijinta na neman mai taya shi gyaran gona kafin ruwa. Katakonsa ya bari a bayan ƙofa. Tun yana sha biyar bai taɓa kwana nesa da katakon nan ba.

Ko kalma ɗaya bai ce mini a kan fili ba. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Talata, 20 ga Mayu

Mairo ta wanke wandon sau uku, jan bai fita ba. Ta shanya shi daidai inda nake alwala. Ta san abin da take yi.

Da na yi magana sai ta ce, "Malam, ni ban san kurket ba, kai ka faɗa. Amma na san wanki. Wannan ba ƙura ba ce, taɓo ne."

Na ce don shi na yi. Ta ce ta sani. Ta ce, "Ka tsare masa ido, sai ya rasa wanda zai kalla da shi a gidan nan."

Na fita ban karya ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Na sa an kira mini lambar Gidaɗo sau huɗu. Tana shiga. Zuliha ce ke ɗauka, ta ce yana gona. Har da magariba yana gona.

Litinin, 26 ga Mayu

Wani abu ke damuna. Shekara ashirin da ɗaya ina neman wanda ya yanke wa wancan hukunci ba tare da ya tambaye ni ba. To wannan fa, wa ya tambaye shi kafin a zuba ruwa?

Ba ɗaya ba ne. Ni ubansa ne.

Ban dai yi barcin rana ba.

Laraba, 28 ga Mayu

Na je gidan Malam Najmuddeen da ƙafata, da gwiwar nan. Ya shimfiɗa mini darduma, ya kawo ruwa. Na ce ruwa ne ya kawo ni. Na gaya masa: jarka shida, bayan asuba, ni kaɗai, yaro bai sani ba.

Ya ce tun jifar farko ya gane. Na ce to me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Baba Jalo, a gaban baƙi zan tsaya in ce uban yaro ne ya jiƙa fili? Ai ni kai ka fara riƙa mini katako."

Na manta da haka. Ashe ni ne.

Na ce ya gaya wa mutanen Bauchi. Ya ce in ya faɗa, aikin fili zai iya barin hannuna, don abin da na yi ba ƙaramin laifi ba ne a wasa. Na ce ya bar hannun nawa, ai hannun ya gaji. Ya ce akwai wasan ramuwa a nan bayan Babbar Sallah, kuma ya ji har yanzu ba su sami mai buɗewa ba. Amma ko za su sake zuwa, ko za su yarda su sake kallon wanda ya fita da sifili, bai sani ba. "Zan gani," in ji shi.

Zan gani. Na san wannan maganar. Da ita aka tsufar da ni.

Juma'a, 30 ga Mayu

Na rubuta wa mutanen Bauchi takarda da hannuna. Shafi ɗaya ya cinye mini yini. Na sa sunana da na ubana, na sa adadin jarkokin. Malam ya so ya gyara mini rubutun, na ce a bar shi da karkacewarsa, su san ba wani ya rubuta mini ba. Ya ɗauki hoton takardar da waya ya aika. Na sa ya aika wa Zuliha ma, ta nuna wa Gidaɗo mai zuwa gona.

Talata, 3 ga Yuni

Kwana huɗu. Bauchi shiru, Gadau shiru.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na samo tamfol na rufe tsakiyar fili, na danne gefensa da bulo, kada ruwan farko ya taɓa wurin. Kullum da safe in buɗe in ja rola sau talatin, in mayar. Jiya na jefa tsohuwar ƙwallo a kai don gwaji, ta tashi har ƙirjina. Na dai ƙara jan rolar.

Ba wai na canza ra'ayi ba ne. Har gobe na biyar ya fi lafiya. Kuma ranar, in ta zo, ba na jin zan iya kallo, bayan dalbejiya zan juya.

Amma ni ban ce mutanen Bauchi su ɗauke shi ba. Cewa na yi su zo su tsaya, a sa shi ya shiga farko sau ɗaya a kan busasshiyar ƙasa, in zai fita da sifili ya fita da sifilin kansa. Shi kuma in ba zai yi mini magana ba, ya aiko a ɗaukar masa katakonsa, in san zai zo.

Na tsufa da jira. Za ku zo ko ba za ku zo ba? Gidaɗo, za ka shiga ko ba za ka shiga ba? Wani a cikinku ya buɗe baki ya amsa mini.