Gashin Tumakin da ke Cikin Bango

Bethesda, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Emrys,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Carys da jikokina. Yaya tarin nan naka? Na ji shi a waya ko da ka ce ba komai, don Allah ka je a duba ƙirjin, sanyin Kanada ba irin namu ba ne. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da gwiwata. Ƙanwarka Lowri ta samu aikin asibitin. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kana da saurin baki, kafin in haɗa magana ɗaya ka yi goma.

Maganar gidan babanka ce, wanda Nerys ke haya da 'ya'yanta biyu. Ka ce a sayar, tunda mai duba gidaje ya ba shi harafin F, doka kuwa ta hana a ba da haya sai gida ya kai E wajen riƙe ɗumi. Emrys, in an sayar ina Nerys za ta je? Duk gidan da ya fita a layin nan, baƙi masu zuwa hutu ke saya. Shekararta tara a ciki, ƙaramarta ma a can ta koyi tafiya.

Na zauna da takardar mai duba gidajen kwana biyu ina bin ta da yatsa, sai na gano inda matsalar take. Ya rubuta wai bangon dutse ne tsirara, babu abin tare sanyi. Ƙarya ce, ko in ce rashin sani. Shekarar da aka sallami babanka daga wurin fasa dutse, shi da kansa ya bi bangon nan ɗaki-ɗaki ya cusa gashin tumaki daga gonar Baffanka Dilwyn, ya rufe da katako. Ni na wanke gashin, hannuna ya yi wata yana wari. Na kira mutumin na faɗa masa. Cikin ladabi ya ce ba wai bai yarda da ni ba, amma a aikinsu abin da ido bai gani ba, kuma babu takardarsa, to babu shi.

A nan ne laifina yake, kuma ban taɓa gaya maka ba. Babanka ya adana takardun aikin a cikin gwangwanin biskit. Bayan an binne shi na zuba su a murhu, domin a lokacin ban iya karatu ba, ganinsu kawai yana ƙona mini rai. Hotunan iyali da ke ciki kaɗai na tsame.

To takarda ta tafi, amma bango yana nan. Ranar Asabar na ari zarto wurin Dilwyn. Ya biyo ni yana mita, wai tsohuwa za ki rushe wa yaro gado, wai ko burodi ban iya yankawa daidai ba balle bango. Na ce masa in tsoro yake ji ya tsaya waje ya riƙe mini jaka. Nerys ta janye kabad tana dariya, ta ce in muka tarar da ɓeraye ita ma za ta fara karɓar haya a wurinsu. Na yanka katakon kamar faɗin tafin hannu, na zura yatsu. Emrys, gashin yana nan, a bushe, cunkus, har da warinsa. Dilwyn ya shinshina ya ce ko a mafarki ya san tumakinsa, daga nan ya ƙwace zarton ya yanka bangon sauran ɗakuna huɗun da kansa. Ni kuwa sai da na zauna a bakin gado na ɗan jima.

Mai duba gidajen zai dawo ranar Alhamis da tocilarsa. Bai yi mini alkawari ba, kuma ba na ɓoye maka, barci ba ya ɗaukata sosai. Ya ce ko da bangon ya yi daidai, sai an ƙara abin tare sanyi a saman silin. Lowri da mijinta za su hau su sa shi gobe, ni kuma na canja ƙwayayen fitila duka zuwa marasa cin wuta, wai su ma suna cikin lissafi. In ya sake cewa bai kai ba, zan tambaye shi me ya rage, in yi shi.

Dillalin da ka turo ya zo jiya da takardar sayar da gidan. Na ba shi shayi da burodi mai zabibi, na karanta takardar daga farko har ƙarshe a gabansa, ya yi ta duban agogo. Gidan da sunanmu yake, ni da kai, kuma ban sa hannu ba. Kada ka ji haushina, amma ba zan sa ba.

Ka gaishe mini da Carys, ka sumbaci Osian da Mali. Dilwyn yana gaishe ka, wai ka aiko masa da sabon zarto. Allah ya tsare min kai.

Mahaifiyarka,
Menna